Kwamfutar ta tashi, allon ne ya yi baƙi

Ni ba mai gyaran kwamfuta ba ne. Shagon buga takardu da fotokofi gare ni a Harobanda, kusa da Jami'ar Abdou Moumouni, kuma yawan zama da na'urorin ne ya koya mini ɗan abin da na sani. Sai dai a dangi, duk wanda aka saba gani da kwamfuta a gabansa shi ne likita. Shi ya sa da ta ɗan yayata ta daina nuna komai, wurina aka fara kawo ta.

Yaron yana shekarar ƙarshe a jami'a, memwar ɗinsa, wato rubutun binciken kammala karatu, kaf tana cikin na'urar, bai ajiye kofi a ko'ina ba. Ya dire ta kan tebur ya ce, "Kawu, ta mutu. Tun jiya ba ta tashi." Abokansa sun riga sun yanke hukunci: a ƙetare gada a kai ta kasuwa a yi mata formataj, a goge komai a zuba sabon Windows. Wannan maganin na da farin jini a Yamai, don yana da sauri kuma ba ya buƙatar tunani. Matsalarsa ɗaya, yana tafiya da takardun mutum.

Na danna maɓallin kunnawa ina kallo. Fitila ta kama, fanka ta juya, tambarin kamfanin da ya ƙera ta ya fito sarai, ɗige-ɗigen Windows suka fara zagaye, sannan allon ya yi baƙi ƙirin. Da na kare hasken ƙofa da hannu na duba gefen gilashin, sai na ga ɗan haske a ciki, alamar fitilar bayan allon tana ci. Na danna Verr Maj, maɓallin kulle manyan haruffa, 'yar fitilarsa ta kama, na sake dannawa ta mutu. Na'urar da ta sandare ba ta amsa wannan. Ke nan Windows ya tashi, yana zaune yana jiran kalmar sirri, mu ne ba mu ganinsa.

Tambarin nan da ya fito shi ne babban labari, kuma shi nake fara tambaya yanzu duk wanda ya kira ni ya ce kwamfutarsa ba ta tashi. Tambarin ba Windows ne ke zana shi ba, BIOS ne, wato 'yar manhajar da ke zaune a jikin babban faifan na'urar, wadda ke farkawa kafin komai. In ya fito, to gilashi lafiya, wayar da ta bi ta maɗaurin murfi lafiya, katin hoto ma, wato sashen da ke sarrafa abin da allo ke nunawa, da ransa. Abin da ya lalace yana can gaba, bayan BIOS ya miƙa wa Windows ragama.

"Me ka taɓa?"

"Ba komai, Kawu."

Ban matsa ba. Na ce masa ai shi ke nan, in ba a taɓa komai ba sai dai gogewar. Nan bakinsa ya buɗe. Ashe wasan ƙwallo yake bugawa a kanta yana ta sarƙewa, sai ya ga wani bidiyo da ke cewa kwamfutar na da katin hoto biyu, ƙarami na Intel da babba na Nvidia, in ka kashe ƙaramin dole babban ya karɓi aiki. Ya shiga Gestionnaire de périphériques, inda Windows ke jera sassan na'urar, ya buɗe Cartes graphiques, ya danna Désactiver l'appareil a kan na Intel. Windows ya tambaye shi ko ya tabbata, ya ce e.

Gaskiya ne katunan biyu ne, amma a yawancin kwamfutocin hannu masu irin wannan haɗi ba kishiyoyi ba ne. Gilashin da na Intel aka haɗa shi. Na Nvidia yakan yi aiki mai nauyi, ya gama, ya miƙa wa na Intel hoton, shi kuma ya kai allo. Kamar mai tuƙa tuwo a madafa ne da yarinyar da ke kai kwano zaure: ka sallami yarinyar, tuwo na nan da zafinsa, amma baƙi za su kwana da yunwa. Sau da yawa Windows kan rufa wa mutum asiri, in aka kashe katin sai ya koma kan wata manhajar ko-ta-kwana ta Microsoft, rubutu ya yi manya-manya, hoto ya yi nauyi, amma dai ana gani. A wasu na'urorin kuwa wannan komawar ba ta yiwuwa daidai, sai a wayi gari da baƙin allo. Ta yaron tana cikinsu.

Na fara da masu sauƙi. Akwai haɗin maɓallai huɗu, Windows da Ctrl da Maj (wato Shift) da B, da ke sa Windows ya sake tayar da manhajar hoto. In ya yi aiki akan ji ƙara 'yar gajeruwa, allon ya ƙifta. Bai dawo da komai ba, kuma da ma ban sa rai sosai ba, tunda manhajar ba faɗuwa ta yi ba, kashe ta aka yi da gangan. Na jona ta da allon shagona ta wayar HDMI, na danna Windows da P ko hoton ya karkata waje. Shiru.

Yaron ya ce a danna F8. Ya ji ana faɗa. A zamanin Windows 7 haka ake yi, kana kunnawa ka yi ta bugun F8 har jerin zaɓi ya fito. Tun Windows 8, da ya fito a 2012, aka rufe wannan ƙofar sai in mutum ya buɗe ta da kansa tun da wuri. A Windows 10 da 11 hanyar da ta rage wa mai baƙin allo tana da ɗan ban tsoro: sai ka katse tashin na'urar da hannunka. Ka kunna, da zarar ɗige-ɗigen sun fara zagaye ka danne maɓallin kunnawa, kada ka saki sai ta mutu murus. Ka sake, ka sake. Bayan katsewa biyu ko uku a jere, Windows kan gane cewa tashinsa ba ya kaiwa ƙarshe, sai ya rubuta Préparation de la réparation automatique. Lokacin dannawar shi ne wurin kula. In ka bari har allon ya yi baƙi, a wurin Windows ya riga ya tashi lafiya, ba zai ƙirga wannan a matsayin gazawa ba, sai ka yini kana kashewa kana kunnawa a banza.

Kafin in fara sai da na tsaya kan abu guda, kuma shi ne ya fi tsorata ni a duk aikin. Kwamfutocin da muke saye a nan galibi na hannu ne, sun yi aiki a wani ofis a Turai ko Amurka kafin su iso. Wasu na zuwa da BitLocker a kunne, wato an kulle faifan ajiya. Irin waɗannan, in ka shiga wurin gyara, suna iya neman mabuɗi mai lamba 48, wanda yawanci yana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya kunna kullen. In babu lambar, babu mai buɗe maka faifan, ko waye shi. Na tambayi yaron wa ya zuba masa Windows, ya ce mai shagon da ya sayar masa ne ya zuba sabo a gabansa, kuma bai taɓa haɗa ta da wani asusu ba. Hankalina ya ɗan kwanta.

Na katse tashin nata kamar yadda na faɗa, sai shuɗin allo ya fito, rubutu tar. Yaron ya yi ajiyar zuciya kamar an gama, alhali ba a fara ba. Wurin gyaran nan ƙaramin Windows ne mai zaman kansa, ba ruwansa da abin da aka kashe a babban, shi ya sa yake nuna hoto. Daga nan hanya a miƙe take: Options avancées, Dépannage, Options avancées kuma, Paramètres, sannan Redémarrer. Na'urar ta sake tashi ta kawo jeri mai lamba 1 zuwa 9. Na 4 shi ne Mode sans échec, inda Windows ke tashi da 'yan kayan aikin da ba makawa sai da su, ya yi amfani da manhajar hoto ta ko-ta-kwana. Na danna F4.

Sai kalmar sirri ta tsaya mana. Yaron ya buga, aka ce ba ita ba ce. Ya sake, aka maimaita. Gumi ya fara keto masa, ga zafin Afrilu ga fankar sama ta tsaya. Na leƙa madannan sai na ga abin da ke faruwa: jikin na'urar QWERTY ne, irin na Amurka, Windows ɗin kuwa na Faransanci ne, yana karanta su a matsayin AZERTY. Inda aka rubuta A, Q ke fita. Inda aka rubuta W, Z ke fita. Lambobin sama kuma sai an haɗa da Maj. Kullum da lambar PIN yake shiga, ya manta yadda ya buga kalmar ranar farko. Akwai 'yar alamar ido a gefen akwatin, na ce ya danne ta ya ga abin da yake rubutawa. Da ya gani ya gyara, ta buɗe.

Abin da na fara yi ba gyara ba ne. Kile USB na ciro daga aljihun tebur na kwashe memwar da duk abin da ke cikin Documents. Bayan haka na danna Windows da R, na rubuta devmgmt.msc don Gestionnaire de périphériques ya fito, na buɗe Cartes graphiques. Ga na Intel nan da 'yar kibiya mai kallon ƙasa a jikin alamarsa, cikin bayaninsa an rubuta Code 22, ma'ana an kashe shi. Da Code 43 na gani da labari ya sha bamban, don wannan na nufin Windows ne da kansa ya dakatar da katin saboda ya ba da matsala, kuma dannawa ɗaya ba ta warkar da shi. Na danna Activer l'appareil, na sake tayar da ita. Hoton uwarsa da ya sa a fuskar allo ya bayyana.

Abin da yake nema tun farko yana nan a buɗe, ba sai an kashe komai ba. A Paramètres, ƙarƙashin Système, wajen saitin allo, akwai Paramètres graphiques, inda za ka zaɓi wasan ka ce a ba shi katin da ya fi ƙarfi. Sarƙewar ma ba laifin kati ba ce. Da na kwance murfin ƙasa, ƙurar hunturu ta dunƙule a bakin fanka ta toshe mafitar iska, ga shi kan katifa yake ɗora ta. Na'ura in ta ɗau zafi rage gudu take yi don kada ta ƙone. Na share da burushi, na kunna masa Protection du système don ta riƙa ajiye wurin komawa baya, tunda a kashe na same shi, kamar yadda nake samu a yawancin na'urorin da ke shigowa shagona. Da yana kunne, da Restauration du système kaɗai ta isa daga shuɗin allon nan.

Akwai ɗan'uwan wannan ciwo da ya fi shi muni, na gamu da shi a wata kwamfutar tebur ta wani maƙwabcina. Shi a cikin BIOS aka kashe katin hoton da ke jikin babban faifan na'urar, alhali babu wani katin daban a ciki. Nan ko tambari ba ya fitowa, don haka duk abin da na faɗa a sama ba ya aiki. Babu shuɗin allo, babu F4. Sai an sa BIOS ya manta. Na zare wayar wuta, na buɗe akwatin, na ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai volt 3, irin wanda masu gyaran agogo ke sayarwa. Na danne maɓallin kunnawa don sauran wutar da ke ciki ta fita, na bar shi 'yan mintoci, na mayar. Saitin ya koma yadda ya fito daga masana'anta, hoto ya dawo. A kwamfutar hannu ban ba kowa shawarar ya gwada da kansa ba, batirin a ɓoye yake, wani lokaci naɗe cikin leda da 'yar waya siririya mai saurin tsinkewa. Ta tebur ɗin ma ta bar mana aiki: kwanan wata ya koma shekarun baya, shafukan intanet suka yi ta ƙin buɗewa suna kukan tsaro, sai da muka shiga muka gyara rana da agogo.