Yammacin Juma'a a Tudun Nabugoye

Ƙanina ne ya kai ni Mbale. Yana karatu a Jami'ar Musulunci ta Yuganda, wadda aka buɗe a 1988, kuma yaranmu na Arewa suna da yawa a cikinta. Daga Kampala muka kama hanya da sassafe, muka haye Kogin Nilu a Jinja, muka yi ta keta gonakin rake da ayaba har tsaunin Elgon ya bayyana a gabanmu.

Bayan mun sauko daga Juma'a ya ce, "Yaya, ka san akwai Yahudawa a garin nan? Yau ma suna da babban baƙo."

Na ɗauka wasu Turawa yake nufi. Muka hau acaɓa, wadda su ke kira boda-boda, muka bi jar hanya zuwa Tudun Nabugoye. Waɗanda muka tarar baƙaƙe ne kamar mu, manoma, mazansu sanye da hular saƙa mai launi wadda da a Kano na gan ta sai in ce ta masallaci ce. Abayudaya ake ce musu. Asalinsu wani jarumin ƙabilar Baganda ne, Semei Kakungulu, wanda ya duƙufa kan Tsohon Alkawari har a 1919 ya yi wa kansa da 'ya'yansa kaciya ya ce shi Bayahude ne.

Baƙon malaminsu ne, rabbi, ya taso daga Amurka. Tun daga bakin hanya yara suka jeru suna waƙa. Da motar ta tsaya mata suka rangaɗa guɗa, 'yan mata suka durƙusa suka gaishe shi irin gaisuwar ƙasar, wani saurayi ya karɓe jakarsa. Dattawa ba su yi gaggawa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙe hannunsa da hannu biyu, wani tsoho kuwa ya riƙe ya ƙi saki, bakinsa yana motsi, idonsa ya kawo ruwa. Shi baƙon ya sunkuyar da kai yana saurare, alhali ba ya jin Luganda, harshen Baganda.

Tsohon nan ne ya zaunar da ni kusa da shi, da ya ji daga Najeriya nake. Da taimakon ƙanina ya ba ni labarin zamanin mulkin Idi Amin a Yuganda, lokacin da aka hana su addininsu, aka rufe wuraren ibadarsu, suka koma yin addu'a a ɓoye. Daga dubbai suka ragu zuwa 'yan ɗaruruwa kafin Amin ya faɗi a 1979. Na ji nauyi a ƙirjina, domin Amin sunan Musulmi yake amsawa. Tsohon bai ko nuna ya danganta ni da shi ba.

"Ɗana," ya ce, "shekaru muka yi ba mai zuwa. In malami ya tako daga nesa ya zauna a kan bencinmu, mun san ba a manta da mu ba."

Ashe ziyara irin wannan ce ta sauya musu rayuwa. A 2002 wasu malaman Yahudawa suka zo suka tabbatar da ɗaruruwansu a cikin addinin bisa ƙa'ida, a 2008 kuma ɗansu Gershom Sizomu ya kammala karatu a Los Angeles ya zama rabbi, daga baya har ya shiga majalisar dokokin ƙasar a 2016.

Da rana ta yi gora mata suka kunna kyandir. Aka rera Zabura da Luganda, da ganga da jita, sannan aka ba baƙon wuri a gaba. Ya yi gajeren wa'azi, ana fassarawa jimla-jimla. Aka gutsuttsura burodi aka zagaya da shi, ba a tsallake ni ba.

Magariba ta kawo jiki, na raɗa wa tsohon cewa za mu yi salla. Ya kira jikansa ya kawo mana ruwa a jarka da tabarma, ya nuna mana gindin wata bishiya. Yaron ne ya daidaita mana alƙibla, ya ce abokansa na makaranta Musulmi can suke fuskanta.