Jinina aka ɗiba aka mayar mini a gwiwa

Shekara 23 ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma gwiwar dama ce ta fara sanar da ni girma ya zo. Da fari in na diro daga tirela sai ta yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Daga baya zaman tahiya ya gagare ni, na koma salla a kan kujera a gefen sahu, tare da dattawan da suka yi sa'ar mahaifina. Wannan ya fi ciwon damuna.

Man zafi, ƙaho, sassaƙen masu magani na bakin kasuwa, babu wanda ban gwada ba. Da aka ɗauki hoton ƙashi a wani asibitin kuɗi, likita ya nuna mini inda ƙasusuwan biyu suka matso juna. Guringuntsin da ke tsakaninsu ne ya zaizaye, amma bai kai ga a sauya gwiwa ba. Shi ya kawo maganar allurar da suke kira PRP.

Abin da ya ja ni shi ne jinina ne maganin. Nas ta ɗaure mini dantse ta ɗebi kamar cokali biyu na cin abinci, ta sa a 'yar kwalba, ta jefa cikin wani inji mai juyawa da gudu. Bayan kamar minti 10 kwalbar ta fito kashi-kashi: ja a ƙasa, a sama wani ruwa kalar man gyaɗa. Likita ya ce a cikin ruwan nan akwai ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini in mutum ya yanke, kuma su ne ke sakin sinadaran da ke kiran jiki ya zo ya gyara rauni. A ɗan ɗigon jinin lafiyayye da bai wuce kan tsinke ba akan samu 150,000 zuwa 450,000. Aikin injin kawai ya tara su wuri guda su yi kauri. Ya zuƙe ruwan da sirinji, ya goge gwiwar, ya soka. Na ji ta cika tam kamar an hura balan-balan.

Ya gargaɗe ni kada in sha diclofenac ko ibuprofen, domin suna rage ƙarfin waɗannan ƙwayoyi, in zafi ya yi yawa in sha farasitamol, in kuma huta. A dare na biyu gwiwa ta kumbura, na aiki yaro kemis ya sayo abin da aka hana ni. Rana ta uku mota ta iso daga Aliero, na shiga danfo, gosulon Ketu ya riƙe mu ƙafata a naɗe, na wuni a tsaye ana sauke buhuna. Da na koma allura ta biyu na faɗa masa gaskiya. Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, kuɗinka ne fa." Da gaskiyarsa, allura ukun nan sun cinye ribar wajen wata biyu. Sauran biyun na bi doka.

Ɗan ƙanwata da ke karatun likita a Idi-Araba bai ji labari ba sai da aka gama. Ya ce, "Kawu, da ka tambaye ni tukuna." Ya ba ni labarin wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka wallafa a 2021. Mutum 288 masu irin ciwona, rabi aka yi musu wannan allura sau uku, rabi aka yi musu ta ruwan gishiri ba su sani ba. Bayan wata 12 zafi ya ragu a duka ɓangarorin ba tare da wani bambancin kirki ba, guringuntsi kuma bai tsiro ba. Ya ce akwai binciken da suka nuna sauƙi na wasu watanni, musamman ga wanda gwiwarsa ba ta lalace sosai ba, shi ya sa likitoci ke ja-in-ja a kanta. Raina ya ɓaci. Amma da na zauna na tuna, likitan bai taɓa ce mini zan sami sabuwar gwiwa ba. Ni na ji haka da kunnen mai buƙata.

Yaron ya ƙara mini da wani abin. Ana tallar irin wannan allura don gyaran fuska da gashi, kuma a 2024 hukumar lafiya ta Amurka ta bayyana matan da suka kamu da ƙanjamau a wani shagon kwalliya mara lasisi da ke yin ta. A nan na gode wa Allah da taurin kaina, don duk zuwa sai na ga an ɓare allura a gabana, an rubuta sunana a kwalba, kuma ba na ɗauke ido daga injin.

Wajen mako shida da gamawa na fara jin sauƙi. A lokacin ne kuma na rage tuwon dare da lemon kwalba, na daina hawa tirela, nake ɗaga ƙafa a miƙe safe da yamma don cinya ta yi ƙarfi. Ɗan ƙanwata yana cewa wannan ne ya yi aiki, ni ina cewa allura, har yau ba mu daidaita ba. Yanzu ina salla a tsaye, sai dai a tahiya nakan ɗan miƙe ƙafar gefe.

Kujerar tana nan a masallacin kasuwa. Maƙwabcina mai tattasai ke zama a kanta, jiya ma ya tare ni yana tambayar nawa ake yi. Na ce ya je a ɗauki hoton gwiwar tukuna.