Lambar da ta kusa tsayar mana da kuɗin bincike

Shekarar da muka kammala kashin farko na bincikenmu kan yara masu sikila, ni aka ɗora wa haɗa rahoton shekara. Kuɗin aikin daga NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, yake fitowa, ta hannun abokan aikinmu na can. Na jera maƙalu uku da muka buga, kowacce da lambarta, na tura da daddare. Gari na wayewa sai ga saƙo: ɗaya ba ta cika sharaɗi ba.

Ashe lambar PMID na saka, wadda ke nuna take da taƙaitaccen bayani kawai. Abin da ake nema PMCID ce, shaidar cewa cikakkiyar maƙalar tana rumbun PubMed Central, inda kowa zai karanta ba tare da ya biya ko sisi ba. Tun 2008 dokar NIH ta wajabta saka maƙalun da ta ɗauki nauyinsu a wannan rumbu, kuma tun 2013 hukumar ke riƙe kuɗin shekarar gaba idan ba a cika ta ba. Albashin ma'aikatan jinya biyu masu ɗibar jinin yaran yana cikin kuɗin nan. Ranar abinci bai wuce min ba.

Wahalar ta fara ne da neman kwafin da ya dace. Ba wanda mujalla ta ƙawata ake sakawa ba, wannan haƙƙinsu ne. Kwafin da aka karɓa bayan gyaran masana ake so. Kwana biyu na yi ina tonon tsohuwar kwamfuta, cikin fayiloli masu suna kusan iri ɗaya, kafin na same shi. Na ɗora a NIHMS, manhajar da ake tura maƙalu zuwa rumbun ta cikinta, na ɗauka an gama. Ina! Sai marubuci ya sake duba yadda masu manhajar suka tsara maƙalar ya amince, saƙon kuwa ya kwana tara a akwatina ban buɗe ba.

Yanzu ranar da aka karɓi maƙala nake adana kwafin, kuma ba na sa hannu a yarjejeniyar mujalla sai na karanta ta tsaf. A da ana ɗaga ƙafa har wata 12 kafin a buɗe maƙala ga jama'a a rumbun, amma wadda aka karɓa daga 1 ga Yulin 2025 ranar bugawa ake buɗe ta.

Watanni bayan haka wani jami'in lafiya daga asibitin ƙauye ya tare ni a wani taron bita, ya miƙo wayarsa mai tsagaggen gilashi. Maƙalar nan ce a buɗe. Ya ce, "Malam, jadawali na biyun nan nake so ka yi min bayani."