Asabar, ranar wasan kwaikwayo a ɗakinmu na Tudun Wadar Zariya

An buɗe ɗakin tun da hantsi don a share, a duba dandali. Falanki biyu na gefen hagu gara ta cinye su ta ƙasa. Daga sama lafiya lau, sai an taka a ji sun lotsa. Kafinta ya canza su da ƙusa inci uku, ya shafa baƙin mai a ƙafafun katakon, sannan aka ɗora kowace ƙafa kan bulo, don katakon da ya taɓa ƙasa abincin gara ne.

Wasanmu tsakanin La'asar da Magariba muke yin sa, domin mata da yara ba za su zauna bayan Isha ba, kuma su ne rabin masu kallo. Wannan lokacin shi ke jawo duk sauran wahalar. Rana na nan, dole a rufe tagogi shida da baƙin labule kafin fitilun dandali su nuna. Da an rufe sai zafi ya taso, sai a kunna fankoki, fankoki kuma su hau kan janareta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane abu da za a jona sai an yi masa lissafi.

An ɗauke wuta tun azahar, don haka yau ma janaretan ne. Namu 3.5 kVA ne, amma abin da zai ɗauka da gaske bai wuce wat 2,800 ba. Manyan fitilun halojin huɗu, kowace wat 500, sun ci 2,000. Amfilifaya da miksa, wato na'urar haɗa sauti, kusan 600. Fankoki shida, kowace 75, sun ci 450. Jimla 3,050. Shi ya sa a gwajin ƙarfe biyu injin ya dinga tari, haske na rawa. Muka sauke halojin biyu, muka maye gurbinsu da fitilun LED biyu, kowace wat 100, nauyin ya dawo 2,250, injin ya daidaita. Sai dai hasken LED fari ne fat, yana sa fuskar ɗan wasa ta yi toka-toka, murmushi da ɓacin rai duk su zama ɗaya ga na bencin baya. Leda mai ruwan ɗorawa aka liƙa a gabansu, fuskoki suka dawo. Kada wanda ya gwada wannan a kan halojin, nan take ledar za ta narke. Janaretan kansa yana can bayan gida, nesa da taga saboda hayaƙinsa yana kisa, kuma waya mai kauri, 2.5mm², muka ja.

Wajen sauti na sake nuna wa yaron da ke koyo: miksa ake fara kunnawa, amfilifaya a ƙarshe, wajen kashewa kuma amfilifaya ce farko. In aka juya, ƙarar da za ta buga tana iya fasa lasifika. Kuwwar da ta dame mu da farko kuma daga matsayin lasifikokin ne, an ajiye su bayan makirufo. Aka jawo su bakin dandali suna fuskantar jama'a, ta ɗauke.

Ƙarfe huɗu da rabi aka ɗaga labule. Maza dama, mata hagu, 'yan sintiri biyu a ƙofa, mai unguwa tun Alhamis aka kai masa gaisuwa da sanarwa. Kujeru 120 ne da bencuna, an sayar da tikiti 74. Ƙofar baya ce ke zubar mana da kuɗi: kowane ɗan wasa yana da ƙani ko aboki da zai ce a bari ya shiga. Daga yau tikitin kyauta biyu kowa zai samu, da hatimi a kai.

Ana tsakiyar fitowa ta uku hadari ya sauko. Rufin kwano ba silin, ruwa na dukansa, ko da makirufo ba a jin magana. Ƙara murya ba ya magani, kuwwa kawai yake dawo da ita. Mai kalangu ya shiga ya riƙe jama'a har ruwan ya tsagaita, aka yanke fitowa ɗaya don a tashi kafin kiran salla. Na ji zafin yanke ta, domin wata guda yaran nan suna bitar ta.

Bayan an cire kuɗin mai, hayar kujeru hamsin, kafinta da sallamar 'yan sintiri, abin da ya rage kuɗin mota ne kawai na 'yan wasa. Gobe za a auna rufin saman dandali a ji nawa silin ɗin tabarma zai ci, ko da rabin ɗakin ne a fara.