Alan Page, daga filin wasa zuwa kujerar alƙali

Ni dai ƙwallon Amurkawa, wadda ake rungumewa a ruga da ita, ba ta cika ɗaɗa ni da ƙasa ba. Amma Alan Page kam ya burge ni.

Aikinsa a fili shi ne ya tsaya a sahun gaba na masu tsaro, ya kutsa cikin ƙarti ya kayar da mai jefa ƙwallo tun ba ta bar hannunsa ba. Ƙungiyar Minnesota Vikings ce ta ɗauke shi a 1967, bayan ya gama Jami'ar Notre Dame. A 1971 aka zaɓe shi gwarzon NFL (babbar gasar ƙwallon Amurkawa) baki ɗaya, ɗan tsaro na farko da ya taɓa samun wannan kambu. Sau huɗu shi da Vikings suka je Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, duka suka dawo hannu rabbana.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, yana tsaka da wasa yake karatun lauya, har ya kammala a Jami'ar Minnesota a 1978. A shekarar kuma Vikings suka sallame shi. Ya riga ya kama gudun fanfalaki, nauyinsa ya ragu sosai, suka ga kamar ya rame da yawa. A ganina sun yi garaje, don Chicago Bears ta ɗauke shi, ya buga mata har 1981.

A 1992 ya ci zaɓen alƙali a Kotun Ƙolin jihar Minnesota (i, can zaɓen alƙalai ake yi), baƙar fata na farko a wannan kotu. Bai sauka ba sai 2015, da ya cika shekara 70, iyakar da doka ta gindaya.