Tayar da ta dace da babban mashin a daminar Kano

Duk wanda ya sayi babban mashin irin Africa Twin ko Ténéré 700 ko GS ɗin BMW, abu na farko da yake ɗaukar masa ido shi ne taya mai manyan haƙora, saboda ita ce ke sa mashin ya yi kama da na masu ratsa sahara. Toh amma ni dai ra'ayina, kafin ka biya kuɗin taya ka zauna ka lissafa inda kake hawa a gaskiya, in yawancin hawanka daga Zoo Road ne zuwa Hotoro zuwa Kabuga, sai ran Asabar ka ɗan leƙa wajen Tiga ko Rano, to kwalta ce rayuwarka, kuma kwalta jiƙaƙƙiya ita ce ke kayar da mutane a garin nan.

Kamfanoni suna raba tayoyin nan da lamba, za ka ga 90/10 ko 80/20 ko 50/50, ta farkon kwalta ce ta biyun kuma burji da jeji. Pirelli Scorpion Trail tana can ɓangaren kwalta, Michelin Anakee Adventure 80/20 ce, Heidenau K60 Scout da Mitas E-07 suna wajen rabi da rabi, ita kuwa Continental TKC 80 haƙora ce zalla. Lambar ba awo ba ce da kowa ya yarda da shi, kowane kamfani da yadda yake lissafa tasa, amma tana nuna maka inda aka dosa.

Ku lura da ruwan farko musamman. Wata da watanni ƙurar hunturu da baƙin man da a daidaita sahu da manyan motoci ke zubarwa suna kwance a kan titi, ruwa na sauka sai su haɗu su zama kamar miyar kuɓewa, wlh a shataletale ko a gangaren gadar sama ko taɓa birki ka yi da ɗan ƙarfi sai ka ji baya tana neman wuce gaba. Taya mai haƙora robar da take taɓa ƙasa kaɗan ce, kuma haƙoran suna lanƙwasa in ka kwanta a kwana, ita kuwa 80/20 robarta ta fi shimfiɗuwa a titi, zanenta yana korar ruwa gefe, sannan irin su Anakee Adventure ana haɗa robarsu da sinadarin silika wanda ke ƙara riƙo a jiƙa. Farin fentin tsallaka titi da murfin ƙarfe na kwalbati kuwa babu tayar da ke riƙe su da kyau, ka miƙe mashin kawai ka wuce.

Amma fa ba zan ɓoye ba, in ka sauka daga kwalta a watan Agusta ka shiga jar ƙasar ƙauye bayan an kwana ana ruwa, 80/20 za ta ba ka kunya, taɓo zai cike zanen nan da nan ta koma sumul. Nan ne haƙora ke aiki don suna tono kuma suna watsar da laka. Wanda ke zuwa gona ko garinsu kowane mako ta irin wannan hanya, shi 50/50 ta dace da shi, ya haƙura da ƙugin da take yi a titin Zariya, ya kuma rage gudu in ana ruwa. TKC 80 ta baya tana saurin suɗewa a kwalta mai zafi, K60 ta fi jimawa amma robarta da tauri, sai an bi ta a hankali a jiƙa.

Wajen saye, a Ƙofar Ruwa ne ko Sabon Gari ko daga Legas za a turo maka, ka juya gefen tayar ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a jikinta, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, misali 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Tayar gwanjo za ka ga zanenta fes amma robar ta bushe, ka danna farce ka ji kamar katako, ga ƙananan tsagu a gindin zane, irin wannan ko kyauta ce ka bar ta. Girman ma ka duba, Ténéré 700 tana cin 90/90-21 a gaba da 150/70-18 a baya, babban GS na yau da kullum kuma rim ɗinsa inci 19 ne a gaba da 17 a baya, sannan ka tabbatar ko rim ɗinka na tib ne ko tubles.

Sai iska. Mai faci zai buga tayar da hannu ya ce Alhaji ta yi, a'a, ka sayi ɗan gejinka ka auna da safe taya na sanyi, ka bi abin da kamfanin mashin ya rubuta. In za ka shiga yashi ka ɗan rage, kana hawowa kwalta ka mayar. Sabuwar taya kuma tana da santsi, kilomita 150 ɗin farko a lallaɓa ta, balle in a damina aka ɗaura.