Magani ya isa ƙari, amma ya kama?

Masu haɗa maganin cutar daji suna zuwa ɗan kamfaninmu da tambaya guda: maganinsu ya maƙale a jikin ƙwayoyin ƙarin, ko zama kawai ya yi a wurin? Jijiyoyin jinin ƙari suna yoyo, kowane babban furotin na iya taruwa a ciki ba tare da ya kama komai ba. Saboda haka in muka liƙa wa magani rini mai ƙyalli don mu ga inda ya je a jikin ɓera, ba ma yarda da haske kaɗai, komai ƙarfinsa.

Rini biyu muke amfani da su. Maganin, misali furotin ɗin trastuzumab da ke kama HER2 (wani furotin da ke jikin ƙwayoyin wasu ƙari), sai mu liƙa masa rinin IRDye 800CW. Abokin tafiyarsa, furotin mai girma ɗaya da shi amma marar abin kamawa a jikin ƙarin, shi ke ɗaukar rinin da ke haske wajen nanomita 700 (ma'aunin tsawon zangon haske). A wannan zango jini ba ya shanye haske sosai. Rini ɗaya zuwa biyu a kan kowane furotin ya wadatar. In aka cika shi, hanta ce za ta kwashe maganin. Rinin da bai liƙu ba kuwa dole a tace shi tas kafin allura.

Mako guda kafin gwaji muna canza wa ɓerayen abinci zuwa marar alfalfa, don koren ganyen yana sa hanji ƙyalli daidai inda rini na biyu yake. Ranar aiki a sumar da ɓera da isoflurane kashi 2 cikin 100, a kwantar da shi kan faifai mai ɗumin digiri 37, a ɗauki hoton farko tun ba a sa komai ba. Sannan a zuba rinin biyu tare ta jijiyar wutsiya. Idan allurar ta kauce, wutsiyar za ta yi fau a allon kwamfuta, wannan ɓeran ya fita daga lissafi.

Lissafin ba wuya. A daidaita hasken biyu a tsokar da ba ta da HER2, a debe na abokin tafiya daga na magani, a raba da na abokin tafiyar.

Matakin da ba ma tsallakewa ko mai aiki na gaggawa: a fara ba wasu ɓeraye maganin marar rini da yawa ya cike gurbin HER2, sannan a maimaita gwajin. In adadin da lissafin ya bayar bai ragu ba, ba kamu muke aunawa ba. Kuma muna guje wa ƙarin da ya haura santimita ɗaya, domin tsakiyarsa kan mutu, rini ya kwanta a can ya ɓata ma'aunin.